Fashin Baƙi: Me Ke Sa Fambel Kuka Da Saurin Cinyewa A Tsofaffin Motocin Kaya?

Shin da gaske ne fambel ɗin da ake sayarwa yanzu duk jabu ne, ko kuwa akwai abin da ke cinye shi a jikin motar? Wannan tambaya ce ke yawo a tasha da garejin makanikai duk sanda kaka ta kama, motoci suka shiga jigilar hatsi zuwa Dawanau. Za ka ji direban Kanta yana rantsuwa cewa ranar Juma'a ya ɗaura sabo a Wudil, amma kafin Alhamis ta zagayo ya kama hanyar Maigatari, motar ta koma tsuwwa da asuba har maƙwabta na leƙowa. Wani ya ce shi a wata biyu uku ya canza. Daga nan sai a yanke hukunci: kayan yanzu ba su da auki.

Jabu kam akwai shi a kasuwa, babu mai musu. Amma na daɗe ina lura cewa idan mota ɗaya ta cinye bel uku a jere, kowanne daga shago daban, kuma duk lalacewa iri ɗaya suka yi, to da wuya laifin ya zama na robar. Ciwon yana jikin ƙarfen da bel ɗin ke hawa. Mu kuma kullum sai mu cire bel mu jefar a juji, ba mu tsaya mun duba abin da yake nuna mana ba.

## Mene ne fambel, me yake juyawa?

A gaban injin akwai wasu ƙarafa masu kama da faifai, kowanne da kwarmi a gefensa. Su ake kira fuli. Babban cikinsu yana ƙasa, a bakin karanshaf, shi injin ke juyawa kai tsaye. Fambel shi ne igiyar robar da ke ɗauko wannan juyi ta kai wa sauran: famfon ruwa mai zagaya ruwa tsakanin injin da lagireto, fankar da ke sanyaya lagireton, da altaneta mai cajin batir. A motar da ke da sitiyari mai taushi, akwai famfonsa shi ma. A wasu ƙananan motocin dizal kuwa, famfon da ke taimaka wa birki yana manne ne a bayan altaneta, saboda haka in bel ya tsinke, birki zai yi tauri a ƙafa. Wannan kaɗai ya isa a daina ɗaukar fambel a matsayin ƙaramin abu.

Iri biyu ne. Tsofaffin motocin da suka fi yawa a ƙauyukanmu, irin su Marsandi 911, da tsofaffin Fiat da aka riƙa haɗawa a Kano, da a-kori-kurar Peugeot ta Kaduna, da tsofaffin Kanta, suna amfani da siriri mai kauri, wanda bayansa ke da faɗi cikinsa ya tsuke. Motocin da suka biyo baya suna zuwa da mai faɗi, mai layi-layi a ciki, guda ɗaya ya zagaye komai. Mafi yawan bayanin nan a kan na farkon ne, domin shi ne abin da ke gabanmu.

## Bel da gefensa yake kamu, ba da gindinsa ba

In mutum ya gane wannan, ya gane rabin matsalar. An yi bel ɗin da siffar da za ta sa ya cuse cikin kwarmin fuli, kamar yadda ake cusa itace a ƙotar fartanya don ta kama. Gefe biyu na robar su ke matse gefe biyu na ƙarfen. Ƙasan bel ba ya taɓa ƙasan kwarmin ko kaɗan, dole a sami 'yar tazara a tsakani.

To ka ɗauki motar da ta shekara talatin tana bin hanyar burji. Ƙura da yashi suna shiga tsakanin roba da ƙarfe, suna goge gefen kwarmin kaɗan-kaɗan kamar dutsen niƙa. Da damina ruwa ya shiga, tsatsa ta hau, musamman in motar ta yi makonni a ajiye. A hankali kwarmin yana buɗewa, gefensa yana yin loko. Wata rana sai bel ɗin ya nutse har gindinsa ya zauna a ƙasan kwarmi. Daga ranar ya daina kamu da gefe. Duk yadda ka ɗaure shi zai zame, in ya zame ya yi zafi, in ya yi zafi robar ta ƙone ta yi santsi, santsin kuma ya ƙara masa zamewa. Ko daga kamfani ka ɗauko bel da hannunka, a kan wannan fulin kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Gane shi ba wuya. Kashe mota, cire bel, haska fitila cikin kwarmin. In ka ga ƙasan kwarmin yana ƙyalli kamar cokali, bel ya daɗe yana zama a can. Ɗora sabon bel ka duba: bayansa ya kamata ya zo daidai da bakin fuli, ko ya ɗan ɗara shi kaɗan. In ya lume ciki, ko fulin ya cinye, ko bel ɗin ya yi wa kwarmin siranta. Ka shafa gefen kwarmin da yatsa, in ka ji kaushi ko gaɓa, wannan kaushin shi ke aske robar. Baƙin garin nan da ake gani ya taru a jikin altaneta ba ƙurar hanya ba ce, bel ɗinka ne ya zama gari.

Tsatsa mara zurfi ana goge ta da burushin ƙarfe da samfefa mai laushi. Fulin da ya yi loko kuwa ba ya gyaruwa, canza shi ake yi. Ƙaramin fulin altaneta shi ya fi saurin cinyewa, don ya fi sauran yawan juyi, kuma robar da ke rungume da shi kaɗan ce.

## Kukan ba iri ɗaya ba ne

Direbobi kan ce kawai "bel yana kuka", amma kunnen da ya saba yana rarrabewa. Akwai doguwar tsuwwa mai kaifi, wadda ke tashi sa'ad da aka tayar da mota da safe, ko aka taka totur da ƙarfi, ko aka murɗa sitiyari har ƙarshe. Wannan zamewa ce: bel ya yi sako-sako, ko fuli ya cinye, ko nauyin da ake ja ya fi ƙarfinsa. Akwai kuma 'yar ƙara mai yankewa, tsit-tsit-tsit kamar kukan 'yan tsaki, wadda ke bin juyin injin ko a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba. Ita yawanci alama ce cewa fulolin ba sa kan layi ɗaya. Na uku shi ne gurnani ko ƙarar niƙa. Wannan ba bel ba ne sam, boris ne ya mutu a altaneta ko famfon ruwa, wato zoben 'yan ƙwallayen ƙarfe da fulin ke juyawa a kai.

Akwai gwaji mai sauƙi da ruwa. A huda murfin gora, a bar mota a silo, a tsaya nesa a fesa ruwa kaɗan a cikin bel. In ƙarar ta ƙaru, ɗauri ne ya yi kaɗan. In ta ɗauke na ɗan lokaci sannan ta dawo, a nemi matsalar a wajen saiti. In ruwan bai canza komai ba, a koma kan boris. Don a tabbatar, sai a cire bel ɗin gaba ɗaya, a juya kowane fuli da hannu, a girgiza shi. Lafiyayye yana juyawa sumul ba wasa. Wanda ke kaɗawa ko yake ƙara kamar akwai yashi a ciki, shi ne mai laifin.

A nan dole in tsaya in ja kunne. Kada kowa ya kusanci injin da ke aiki da babbar riga, ko rawani, ko hannun riga mai lilo. Fanka da bel ba sa jira. Yaran gareji da ke zura hannu su goga wani abu a bel alhali yana juyawa, yatsunsu suke sakawa a caca, kuma alhakin hana su yana wuyan maigidansu.

## Layin da ya karkace

Fulolin nan dole su tsaya a layi ɗaya, kamar sahun salla. A tsohuwar mota abubuwa da yawa kan ɓata sahun. Ramin da kusar altaneta ke shiga a biraket, ƙarfen da ke riƙe da ita a jikin injin, yakan cinye ya yi faɗi, sai altanetar ta sunkuya gaba da zarar an ɗaure bel. Wani lokaci biraket ɗin ya taɓa karyewa, mai walda ya haɗa shi da ido. Wani lokaci washa ɗaya ce ta faɗi a ƙasa ranar da aka sauke altaneta, ba wanda ya kula. Abin da ya fi yawa a 'yan shekarun nan shi ne altaneta ta hannu, 'yar Beljiyam, da aka ciro daga wata mota daban aka ɗaura don ta yi araha. Tana caji lafiya, amma fulinta ya fito gaba da milimita huɗu ko biyar, ko kwarminsa ba faɗinsu ɗaya da sauran ba.

Bel ɗin da ke tafiya a karkace gefe ɗaya yake ci. In ka ɗauki tsohon ka ga gefe guda ya zaizaye, zare ya fito, ɗayan gefen kuma lafiya, ba ka bukatar wani ya gaya maka. In abin ya yi tsanani har kifewa yake yi a cikin kwarmi, ko ya yi tsalle ya fita. Ana duba saiti da miƙaƙƙen ƙarfe ko zare mai ƙarfi: a ɗora shi a fuskar babban fuli a miƙa zuwa na altaneta, ya kamata ya kwanta a kan duka biyun ba tare da rata ba. Gyaran sau da yawa washa biyu ne ko sabon biraket.

A wasu injuna babban fulin ƙasa ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. In robar ta tsufa, na wajen yakan riƙa rawa ko ya zame. Ka ja layi da alli ya ratsa ƙarafan biyu, ka yi tafiyar yini, ka dawo ka duba. In layin ya rabu, fulin ya gama aiki.

## "Ƙara ɗaure shi": maganin da ke jawo babban ciwo

Abin da ya fi faruwa a bakin titi kenan. Direba ya tsaya ya ce, "Malam, taimaka ka ɗan ja min bel ɗin nan, kuka yake." Yaro ya ɗauko dogon ƙarfe ya dogara a jikin altaneta, ya ja da iya ƙarfinsa har bel ya koma kamar tsirkiyar baka. Kuka ya ɗauke, kowa ya ji daɗi. Bayan 'yan makonni famfon ruwa ya fara ɗiga, ko altaneta ta fara gurnani. Ƙarfin da aka ja bel da shi a kan boris ɗinsu yake sauka dare da rana. An tsere wa kuɗin fuli, an faɗa kuɗin famfo da altaneta.

Ma'aunin da aka saba da shi a irin waɗannan injuna shi ne a danna tsakiyar bel, a wurin da ya fi tsawo tsakanin fuli biyu, da babban yatsa da ƙarfi kamar na kilo 10. Ya kamata ya lotsa wajen milimita 10 zuwa 15, kimanin kaurin ɗan yatsa. In akwai littafin motar, abin da ya faɗa shi ne gaba. Abin da kusan kowa ke mantawa kuwa shi ne sabon bel yana sakin jiki. Bayan an ɗaura, a bar injin ya yi aiki kamar minti 15, a kashe, a sake dubawa. Bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu a sake. Bel da yawa da ake zagi da sunan jabu, a makon farko aka kashe su: sun saki, ba wanda ya waiwaye su, suka yi ta zamewa har suka ƙone.

Wajen ɗaurawa ma ana yi masa illa. Maimakon a sassauta altaneta a tura ta ciki, sai a sa sukundireba a ɓanɓaro bel ɗin ya haye bakin fuli da ƙarfin tsiya. A cikin robar akwai zaruruwa masu ƙarfi, su ne ƙashin bayansa. In wasu suka tsinke a wajen, ba za ka gani da ido ba, amma bel ɗin zai riƙa miƙewa ta gefe ɗaya har ya kife. Motar da ke ɗaukar bel biyu a jere kuma, biyun ake canzawa tare, iri ɗaya, tsawo ɗaya. In ka haɗa sabo da tsoho, sabon ne kaɗai zai ɗauki kayan.

## Sabulu, man birki da baƙin mai

Kowa ya san dabarun: a goga sabulu, ko kyandir, ko a ɗiga man birki. Ƙarar tana ɗaukewa nan take, shi ya sa aka yarda da su. Abin da ya faru shi ne bel ɗin ya ci gaba da zamewa, sai dai yanzu a shiru. Mai kowane iri yana kumbura roba ya sa ta yi laushi, sannan ya kama ƙura ta manne. Haka yake in baƙin mai yana yoyo daga sil ɗin gaban karanshaf, wato zoben robar da ke tare mai, ko man sitiyari, ko gas yana ɗiga a kai. In ka taɓa tsohon bel ka ji ya yi taushi yana danƙo, a toshe yoyon tukuna, a wanke fulolin su bushe, sannan a kawo sabo.

## Batir ma yana da hannu

Wannan shi mutane suka fi mamaki. Altaneta ba nauyi ɗaya take yi kullum ba. Gwargwadon wutar da ake nema a wajenta, gwargwadon taurin juyata. Batir da ya raunana, da zarar an tayar da mota yana zuƙar caji da yawa, altaneta ta yi tauri, bel ya zame ya yi tsuwwa na minti ɗaya ko biyu sannan ya yi shiru. Ƙara a kan haka manyan fitilun da ake jerawa a gaban mota saboda tafiyar dare, ko babbar altaneta da aka sa a kan siririn bel guda. In kukan na safiya ne kawai, ko sai an kunna fitila, a kai wa mai rewaya ya auna. Mota mai batir ɗaya tana caji ne wajen bolt 14, mai batir biyu a haɗe kuma wajen 28.

## Lambar da ke bayan bel

Yawancinmu tsohon bel muke ɗauka mu je Kofar Ruwa ko shagon bakin kasuwa mu ce a ba mu irinsa. Matsalar ita ce tsohon ya miƙe, ya kuma sirance, kuma wataƙila shi kansa ba shi ne daidai ba tun farko. Lambar tana da ma'ana. Na mota sukan zo da faɗin milimita 10 ko 13, sai tsawo a gaba, misali 13 da 1100. Masu harafin A faɗinsu milimita 13 ne, masu B kuma 17, lambar da ke biye da harafin tsawo ce a inci. Mai layi-layi in an rubuta 6PK1750, layi 6 ke nan, tsawo milimita 1750. Bel mai faɗin 10 a kwarmin 13 zai nutse tun ranar farko. Bel ɗin injin niƙa ko na injin ban ruwa yana iya shiga, amma ba a yi shi don gudun injin mota da zafinsa ba. Mai haƙora a ciki ya fi lanƙwasuwa a kan ƙaramin fuli, kuma ya fi shan iska.

A duba ajiyar mai shago ma. Bel ɗin da ya shekara a rataye a ƙusa, rana na dukansa, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ya fara tsufa kafin a saya. Lanƙwasa shi baya ka duba: in ƙananan tsaga suka buɗe, ko ya yi tauri kamar busasshiyar fata, a bar masa kayansa.

## Kowa da nasa uzurin

Direba yana ɗora laifi a kan mai shago. Mai shago yana cewa ya ajiye mai kyau da mai araha, mai arahar ake ɗauka. Makanike yana cewa, "Na gaya wa Alhaji fulin nan ya tafi, ya ce a lallaɓa zuwa bayan kaka." Mai mota kuma yana kallon kuɗin gas da taya da na kan hanya, yana ganin bel ne mafi sauƙin abin da zai saya. Kowannensu yana da gaskiya daidai gwargwado, kuma ba na ganin laifin mai motar da ke lissafin aljihunsa a wannan zamani. Inda na fi ganin gyara shi ne wajen makanikai. Mai mota bai san ƙasan kwarmi yana ƙyalli ba sai an nuna masa. In aka ce masa kawai "fuli ne", zai ɗauka ana neman kuɗinsa. In aka haska masa fitila, aka ɗora sabon bel ya ga ya lume da idonsa, da wuya ya ƙi.

## Wa ke biyan kuɗin in ya tsinke?

Ba mai mota kaɗai ba. In bel ya tsinke, famfon ruwa da fanka sun tsaya, kuma injin da ke jan kaya yana ɗaukar zafi cikin mintuna kaɗan. Direban da bai lura da jar fitilar batir ko allurar zafi ba, zai ƙona gaskit, wani lokaci kan injin ya lanƙwashe. Gyaran da bai taka kara ya karya ba ya koma sauke injin. Manomin da ya loda tumatir daga Kadawa zuwa Kwanar Gafan, kwandunansa na rana suna ruɓewa. Dabbobin da aka ɗauko daga Maigatari suna tsaye a mota ba ruwa. Mutanen ƙauyen da mota ɗaya ke kai su kasuwar Gujungu ranar Lahadi sun rasa cinikin mako. Ko bai tsinke ba, bel mai zamewa yana rage caji, batir ya mutu da wuri, yana kuma rage gudun famfon ruwa a daidai lokacin da mota ke hawa da kaya.

In ya tsinke maka a hanya, ka sauka gefe ka kashe injin nan take. Kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, ruwan ciki yana iya tsalle ya ƙona fuska. Kafin ka ɗaura na ajiya, juya famfon ruwa da altaneta da hannu, domin in ɗayansu ne ya cije, sabon ma zai ƙone kafin ka yi nisa. Na ajiyar a naɗe shi cikin leda a bayan kujera, nesa da galan ɗin mai, tare da sifanun da suka dace da kusoshin altaneta. Guntayen wanda ya tsinke kuma a tattara a kai wa makanike ya gani.